Gem ɗin gajimare ko kwamfutar okaziyo: abin da na gani a Damagaram

Idan a Damagaram kake, kuma abin da kake so bai wuce ka ɗan buga ƙwallo ko tseren mota bayan isha'i ba, ko ka sama wa yara abin da zai zaunar da su gida ranar da babu lakwal, ka nemi ƴar kwamfutar tafi-da-gidanka ta okaziyo ka saya. Na gwada hanyoyin biyu da kuɗin aljihuna, gem ɗin gajimare da kwamfuta mai araha, kuma wannan ce shawarar da nake ba duk wanda ya tambaye ni a fada. Gajimaren ma akwai inda ya burge ni ƙwarai, zan faɗa yadda yake.

Ƙanena ne ya kawo maganar. Ɗalibi ne a Jami'ar André Salifou, kuma duk wani sabon abu na waya shi ke fara jin sa a gidanmu. Da ya ji ina shirin sayen kwamfuta don yara, sai ya ce, "Yaya, kada ka zuba kuɗinka a tsohon ƙarfe. Yanzu da wayar nan taka ma sai ka buga irin gem ɗin da ake bugawa a PlayStation." Kuma gaskiyarsa. Yadda abin yake, gem ɗin ba a wayarka yake tafiya ba. Wata babbar kwamfuta ce a cibiyar kamfani ke tafiyar da shi, tana turo maka hoton kamar bidiyo. Kai kuma duk maɓallin da ka danna sai ya yi tafiya ya je can, a aiwatar da shi, sannan sabon hoto ya dawo maka. Nvidia na da nasu mai suna GeForce Now, Microsoft na da Xbox Cloud Gaming, akwai wasu ƙanana. Na Microsoft dai Nijar ba ta cikin jerin ƙasashen da ake buɗe shi. Wanda na gwada, cibiyarsa mafi kusa da mu tana Turai.

Kafin ka ga ko hoto ɗaya, akwai maganar biya. Kuɗin da ke cikin wayarka ko wanda aka turo maka ta Nita ko Amana ba ya shiga kai tsaye, sai da katin Visa ko Mastercard. Na samu katin da ake lodawa kuɗi, na biya yuro 10 da ɗoriya na wata guda. Yuro ɗaya sefa 655 ne da ƴan kai, ke nan wajen jika bakwai. A wasu manhajojin, irin GeForce Now, kuɗin watan hayar kwamfutar ce kawai, gem ɗin sai ka saye shi daban a shagunan gem na intanet irin Steam ko Epic. Akwai matakin kyauta, amma sai ka bi layi, kuma awa ɗaya ake ba ka a kowane zama.

Hoton kam, ban taɓa ganin irinsa a wayata ba. Wajen ƙarfe ɗaya na dare, lokacin da gari ya yi barci rezo ya sake, na shiga wani gem na yawo a cikin daji, ana ganin inuwar ganye na motsi a kan ruwa, ana ganin ƙurar da doki ke tayarwa. Wayar ko ɗumi sosai ba ta yi ba, tunda ba ita ke ɗaukar nauyin ba. Gem ɗin da ba gaggawa a cikinsa, na gina gari ko na dabara da ake yi bi da bi, yana tafiya lafiya lau a wannan lokacin. Na ji daɗinsa har raina.

Da muka koma ƙwallo sai labari ya sake. Ɗan wasanka na riƙe da ƙwallo, ka ga abokinsa ya buɗe a gefe, ka danna, sai ka ga ya ƙara taku biyu kafin ya saki, a lokacin mai tsaron baya ya riga ya rufe hanya. A bugun fanareti ma'aunin ƙarfi ya wuce inda ka so ya tsaya, ƙwallo ta yi sama. A tseren mota ka karya kwana bayan ka riga ka daki bango. Yarona na fari ya ajiye manet, abin da ake riƙewa a buga gem, ya ce, "Abba, ɗan wasan nan ba ya jin magana." Manhajar na nuna jinkirin a kusurwar allo, kuma abin da na riƙa gani yana yawo ne tsakanin milisakan 150 da 200 (milisakan dubu ne daƙiƙa ɗaya), da yamma har ya haura. Nvidia da kansu sun ce ana son ya kasance ƙasa da 80. A gem mai hotuna 60 a daƙiƙa, kowane hoto kusan milisakan 17 ne, ke nan hannunka na gaba, idonka na baya da hotuna goma.

Wannan jinkirin nisa ne ya kawo shi, kuma ba forfen da za ka saya ya gyara shi. Haske a cikin wayar fiba yana cin kilomita 200 ne a milisakan ɗaya. Daga nan zuwa Paris a miƙe kusan kilomita 4,000 ne, zuwa da dawowa milisakan 40 sun tafi ko da an ja waya sambal ta cikin Sahara. To ba sambal ake bi ba. Nijar ba ta da teku, intanet ɗinmu sai ya gangara gaɓar ruwa ta ƙasashen maƙwabta, ya shiga wayoyin ƙarƙashin teku, ya zagaye Afirka ta Yamma kafin ya hau Turai. Wayar ƙarƙashin teku ta MainOne kaɗai, daga Legas zuwa Fotugal, kilomita 7,000 ce. Ka ƙara tafiyar saƙo tsakanin wayarka da eriya, ka ƙara lokacin da cibiya ke matse hoto da lokacin da wayarka ke warware shi. Mutane da yawa na ɗauka in gudun intanet ya kai, shi ke nan. Kallon YouTube yana yaudararmu, domin shi yana tara bidiyo a gaba kafin ka kai wurin, in rezo ya yi tangarɗa na daƙiƙa biyu ba za ka sani ba. Gem ba ya iya tarawa, tunda bai san abin da za ka danna ba sai ka danna. Rezo na girgiza kaɗan, hoto ya farfashe, fuskokin ƴan wasa su narke, wani lokaci a fitar da kai gaba ɗaya.

Abin da ya sa na daina dai data ce. Nvidia sun rubuta cewa hoton 720p na buƙatar megabit 15 a daƙiƙa, na 1080p kuma 25. Ka lissafa da kanka: 15 sau daƙiƙa 3,600, ka raba takwas, ya haura gigabait shida da rabi a awa ɗaya. Ana iya rage ingancin hoton a sauko da shi, na kuma rage, amma ko a haka forfen da ke kai ni mako da WhatsApp da Facebook yana ƙarewa a zama guda. Jika bakwai ɗin nan ashe ita ce ƙaramar hidimar. Kuma duk daren da yara suka ce za su buga, sai an sake saye.

Kwamfutar kuwa a wajen wani mai gyara na same ta, kusa da kasuwar Dole, irin waɗanda ake kwasowa daga ofisoshin Turai. Jika 130 na biya. Furosesanta, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, Core i5-8250U ne, RAM, wurin aikinta na wucin gadi, giga 8, SSD, ma'ajiya mai sauri, giga 256. Mai shagon dattijo ne mai haƙuri, da na ba shi labarin gajimaren ya yi murmushi ya ce, "Malam, ai guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni." Ya kunna ta a gabana, ya buɗe wurin rubuta umarni ya sa powercfg /batteryreport, ya nuna mini ƙarfin da batirin ya fito da shi daga masana'anta da wanda ya rage masa yanzu. Duk mai sayen okaziyo ya nemi a nuna masa wannan. Ya kuma ja hankalina kan lambar farko bayan i5. In 8 ce ko sama, Windows 11 na karɓar ta. Microsoft sun daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoban 2025, don haka masu lamba 6 da 7 suna da araha yanzu, amma arahar da dalilinta.

Ba ta da katin hoto na daban, wanda ke cikin furosesa ne, UHD 620, kuma shi daga RAM yake aron wurin aiki. Shi ya sa mai gyaran ya ce in sa sanda biyu na giga 4 maimakon ɗaya na giga 8, domin hanya biyu ta fi ɗaya saurin kai kaya. Na ga bambancin da idona a tseren mota.

Me take iya ɗauka? Fiye da yadda na zata. Tsofaffin gem ɗin ƙwallo na PES suna tafiya sumul in ka sauke hoton zuwa 720p, kuma kana dannawa ƙwallo na fita. Need for Speed Most Wanted na 2005, Age of Empires II, Minecraft, Plants vs. Zombies, duk ba ta ko nishi. Ƴata ta kamu da Stardew Valley, tana shuka tana kiwon kaji, gem ɗin ko giga ɗaya bai kai ba. Euro Truck Simulator 2 na tashi in aka rage komai. SuperTuxKart da 0 A.D. kyauta ne halak malak, Epic kuma na ba da gem kyauta duk mako. Sau ɗaya kake saukewa, da dare lokacin da forfe ya fi sauƙi, ka sa Steam a yanayin da ba ya neman intanet, daga nan babu ruwanka da rezo. Ina dai gargaɗi kan gem ɗin da ake zuba wa mutane da kilen USB a bakin kasuwa, yawancinsu fasassu ne kuma suna zuwa da ƙwayoyin cuta. In kwamfutar ce kuma ake aikin makaranta da ita, asarar ta fi arahar.

Wani ƙaramin abu da ya ɗaure wa yara kai ranar farko: allon rubutunta na Faransa ne, AZERTY. Gem da yawa an tsara tafiya a kan W, A, S, D, to a irin namu wurin nan Z, Q, S, D ne ke zaune. Sai yaro ya danna gaba mutum ya tsaya cak. A shiga saituna a sauya, minti biyu ne. Waɗanda ake kawowa ta Kano galibi QWERTY ne, ba su da wannan. Manet biyu masu waya na ƙara, na manta da allon.

Dalilin da ya sa na ce tafi-da-gidanka ban ce ta tebur ba, wuta ce. Duk wanda ya yi Afrilu da Mayu a garin nan ya san yadda ake ɗauke ta, balle abin da muka gani a 2023 da Najeriya ta yanke layin da ke ba mu. Ta tebur ta fi ƙarfi a kuɗi ɗaya, amma ana ɗaukewa ta mutu nan take, kuma yawan hakan na lalata faifai. Wannan kuwa allon ne kawai ke ɗan dushewa, wasa ya ci gaba a kan batir. Cajarta wat 65 ce, ƙaramin batirin sola na gida na riƙe ta.

Zafi da ƙura su ne abokan gabarta, kuma wannan ya dame ni. Da rana tsaka a bazara, zafi ya haura digiri 40, fankarta na ihu, bayan ɗan lokaci sai furosesa ya rage gudu don ya kare kansa, gem ya fara tsinkewa. Na hana ɗora ta a katifa ko a cinya. Muna sa ta a kan tire, da murfin kwalba huɗu a ƙarƙashi don iska ta ratsa. Bayan hunturu na mayar da ita wajen dattijon ya buɗe, abin da ya ciro daga bakin fankar curi ne na jar ƙura da zare kamar auduga. Ya goge, ya sake shafa man sanyaya a kan furosesa, ƙarar ta ragu da rabi. Batirin ma tsoho ne, a gem ba ya wuce awa ɗaya da ɗan abu. Kuma a sani, sabbin wasannin ƙwallo na bana da manyan gem ɗin da ake tallatawa ba nata ba ne. Wasu ko tashi ba za su yi ba. Ƙanena har yau wannan ne ƙorafinsa, yana son sabbin ƴan wasa da sabbin riguna, kuma na fahimce shi.

Akwai kuma abin da ya tsaya mini a rai game da mallaka. Google sun buɗe nasu gem ɗin gajimare, Stadia, a 2019, suka rufe ta a Janairun 2023. Sun mayar wa mutane kuɗin gem ɗin da suka saya, amma dandalin ya tafi. Kwamfutata, ko na yi wata uku ban da ko dala, tana nan, yara na bugawa, matata na rubuta lissafin adashinsu a Excel, ƙanena na aro ya buga rahotonsa. Ranar da na gaji da ita zan sayar in karɓi wani abu.

Wanda gajimare zai yi wa amfani a nan shi ne mai intanet marar iyaka a gida ko a wurin aiki, wanda kuma gem ɗin da yake so na natsuwa ne. Starlink, intanet ta tauraron ɗan adam, ya fara aiki a Nijar a 2025, kuma yana sauƙaƙa matsalar ƙarewar data, sai dai kayansa da kuɗin watansa wata hidima ce ta daban, kuma cibiyar gem ɗin tana nan a Turai inda take. Mai irin wannan halin ya fara da matakin kyauta, ya duba lambar jinkirin da ƙarfe tara na dare lokacin da kowa ke kan rezo, kafin ya sa katinsa.

Ga mai zuwa kasuwa yanzu, in ya samu mai Ryzen 5 3500U ko sama da ita a kusan wannan kuɗin, ya ɗauke ta, domin hoton Vega da ke cikinta ya fi na tawa ƙarfi a gem. Ya tabbata SSD ce a ciki, ya gwada kowace kafar USB da manet ɗinsa, kuma ya roƙi mai shago ya bar gem na tafiya na minti ashirin a gabansa ya ji yadda fanka ke yi kafin ya ƙirga kuɗi.