An yi min tiyatar huhu da mutum-mutumi: ga yadda na same ta

An cire min sashen sama na huhun dama bayan gwaji ya tabbatar ƙullin da hoto ya nuna cutar kansa ce a matakin farko. Duk wanda likitansa ya ce ya cancanci wannan hanya, shawarata ya karɓa, amma ya shiga da saninsa.

Na'urar ba ta yin komai da kanta. Wadda aka yi min aiki da ita, da Vinci ta kamfanin Intuitive Surgical da Amurka ta amince da ita tun 2000, hannuwa huɗu gare ta. Likita na zaune a gefe cikin ɗakin tiyatar, yana kallon cikin ƙirji ta kyamara mai ƙara girman abu har ninki goma. Yadda ya motsa yatsunsa haka kayan aikin ke motsawa, suna lanƙwasa kamar wuyan hannu, na'urar kuma na kawar da rawar hannu.

Bayan an sa ni barci, a gefe aka kwantar da ni, aka zura bututu na musamman ta maƙogwaro don huhun hagu ya ci gaba da numfashi, na dama ya saki iska ya kwanta. Sai aka yi ƙananan huji a tsakanin haƙarƙari, galibinsu milimita 8. Ta nan aka raba jijiyoyin jini da bututun iskar sashen, aka datse kowanne da na'ura mai yanka da ɗinki lokaci guda, aka kwashe kaluluwar da ke kewaye don a duba ko cutar ta bazu. Sashen kuma a jaka aka fito da shi bayan an ɗan faɗaɗa huji ɗaya. Huhun dama sassa uku ne, yanzu biyu suka rage min.

Babbar ribar a wurina ita ce ba a buɗe haƙarƙarina da ƙarfe ba, kamar yadda ake yi a tiyatar buɗe ƙirji. Shi ya sa na iya tari, kuma tari ba ƙaramin abu ba ne bayan irin wannan aiki, don shi ke fitar da majina ya kare mutum daga ciwon nimoniya. Washegari ma'aikatan jinya suka tayar da ni tsaye, na taka.

Inda nake da ƙorafi shi ne bayanin ciwo. An yi ta nanata min ƙanƙantar hujin, har na ɗauka lamarin mai sauƙi ne. Ina! Hujin ne ƙarami, aikin da ke ciki yana nan da girmansa. Bututun da aka bari a ƙirjina yana fitar da iska da ruwa ya fi komai damuna, kowane numfashi sai na ji shi. Sannan ƙarƙashin kowane haƙarƙari akwai jijiyar da kayan aikin ke iya matsewa. Na yi watanni ina jin zafi kamar ƙuna haɗe da rashin jin taɓawa a fatar gefen ƙirjina, ba wanda ya faɗa min haka na iya faruwa sai da na koma a tsorace. Wallahi magana ɗaya kafin aikin da ta rage min fargaba.

Akwai kuma abin da ya kamata majiyyaci ya sani: yawancin waɗannan na'urori ba sa ba likita jin taushi ko taurin nama, ido da gogewa yake dogara da su. Idan jini ya ɓalle sosai, ana iya buɗe ƙirjin nan take, kuma za ka sa hannu kan hakan tun kafin a fara. Saboda haka ka tambayi likitanka kai tsaye sau nawa ya yi wannan aikin da na'urar, wa zai tsaya kusa da gadon, da kuma wane magani suka tanada idan ciwon jijiya ya daɗe.