Karɓar Baƙi a Indiya Kamar Yadda Na Gani a Haidarabad

'Yan uwa a gida sun fi tambayata labarin asibitoci da kuɗin makaranta, amma abin da ya fi tsaya mini a rai tun da na zauna a Haidarabad shi ne yadda mutanen ƙasar nan suke karɓar baƙo. Maƙwabcina, wani dattijo mabiyin addinin Hindu, ya gayyace ni cin abincin rana a gidansa. Na tarar matarsa tana tsaye a bakin ƙofa da farantin tagulla mai ɗauke da 'yar fitila da jan gari, domin al'adarsu ce a zagaya fitilar a gaban baƙo, a ɗiga masa jan garin a goshi, a rataya masa furanni a wuya. Da na bayyana musu cikin ladabi cewa addinina bai yarje mini fitilar da ɗigon ba, ko kaɗan fuskarsu ba ta canja ba. Dattijon ya haɗa tafukan hannunsa a ƙirji ya gaishe ni, na tuɓe takalma kamar yadda kowa yake yi, kuma kafin in gama zama an miƙo mini ruwa a kofin silba.

A kan ganyen ayaba aka zuba abincin: shinkafa, miyar wake mai tsami, ganyayyaki kala-kala, nono, da wani yajin mangwaro mai sa hawaye. Babu nama a gidan, kuma uwargidan ta faɗa mini haka tun da farko don hankalina ya kwanta game da yanka. Ba ta zauna ba har na gama. Tana tsaye da ludayi, da zarar wani gefe na ganyen ya ragu sai ta ƙara, kuma cewa na ƙoshi ba ta hana ta, sai da na rufe ganyen da hannuna. Abin da ya fi taɓa zuciyata ya zo ne da azahar, lokacin da ɗansu, ba tare da na roƙa ba, ya kai ni wani ɗaki da aka share, ya shimfiɗa sabon zane, ya nuna mini yamma, wadda ita ce alƙibla a nan.

Mu ma mun gaji wannan, kuma a ranar na yi kewar zauren mahaifina da ƙwaryar fura da ake fitowa da ita kafin a tambayi baƙo sunansa. Inda suka sha gabanmu shi ne sun fito da karamcin daga gida sun kai shi kasuwa. A shagunan yadi da ke kusa da Charminar, tsohon ginin nan mai hasumiya huɗu da ke Haidarabad, mai shago zai zaunar da kai, ya aika a kawo maka shayi mai madara da citta, ya warware maka yadi bayan yadi, kuma ko ba ka sayi komai ba zai yi maka sallama da fara'a. A gidajen abinci ana ajiye maka ruwa kafin ka buɗe baki, kuma a wurare da yawa idan ka sayi farantin da suke kira tali, ana ƙara maka shinkafa da miya ba tare da ƙarin kuɗi ba. Mabiya addinin Sikh kuwa suna ciyar da duk wanda ya shiga wurin ibadarsu kyauta, kuma a babban wurin ibadarsu da ke birnin Amritsar dubun dubatar mutane ne suke ci kullum. Gwamnati ma ta shiga ciki, domin a 2005 ma'aikatar yawon buɗe ido ta ƙaddamar da gangamin Atithi Devo Bhava, wato baƙo tamkar abin bauta ne, don koya wa direbobi da 'yan rakiya mutunta baƙi.

Mu ne muke cewa shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma, amma ku shiga kanti ko ofis a garuruwanmu ku ga yaron shago yana latsa waya, yana amsa sallama da ka, ko ma'aikaciya tana kallon mai jira kamar ya zo roƙo. Zaurukan ma an mayar da yawancinsu shaguna, sababbin gidaje kuwa sai katanga da maigadi.

Duk da haka kada kowa ya ɗauka cewa karamcin nan ya game ko'ina. Baƙar fata mai neman gidan haya yakan sha wuya, domin a waya za a ce akwai ɗaki, da an ga fuskarsa sai a ce an riga an bayar, kuma wannan ya same ni har ya ƙona mini rai. Masu keke napep sukan ninka kuɗi da sun ga baƙo, kallo a titi ba ya ƙarewa, kuma ɗalibanmu ba su manta da dukan da aka yi wa 'yan Najeriya a garin Greater Noida da ke kusa da Delhi a 2017 ba. Gidan da nake ciki yanzu ma ban same shi ba sai da wani abokin karatu ɗan ƙasa ya je ya tsaya mini a gaban mai gidan.