Ƙaramin otal a ƙauyen Xizhou

'Yan uwana na Jos masu zuwa Guangzhou sarin kaya, in kun samu sarari ku leƙa lardin Yunnan na China. Na sauka a wani ƙaramin otal a Xizhou kusa da birnin Dali, tsohon gidan ƙabilar Bai ne aka gyara ba a rushe ba, ƙofofin katako masu sassaƙa da tsakar gida duk suna nan. Ma'aikatan 'yan ƙauyen ne, kayan miya daga gonakinsu, gaskiya ya burge ni don kuɗin a garin yake zama. Sun ara min keke na je ƙauyen Zhoucheng, mata na rini da baba kamar marinar Ƙofar Mata. Akwai tsada dai, kuma ana cin alade a yankin, nama kam sai gidan abincin Musulmi 'yan Hui.