Inda ya fi dacewa a sayi tsuntsun gida a Ingila: baje koli, gidan mai kiwo, shago ko intanet

Wanda ya yi niyyar ajiye aku ko kanari a gidansa a Ingila yakan daɗe yana zaɓen irin tsuntsun da launinsa, amma bai cika tsayawa ya auna wurin da zai saye shi ba, alhali kuwa wurin sayen ne yake nuna ko tsuntsun zai zo da lafiya, ko takardunsa sun cika, da kuma ko akwai wanda za a koma wa idan matsala ta taso. Hanyoyin da aka fi bi su ne taron baje kolin tsuntsaye, da gidan mai kiwo, da shagon dabbobin gida, da tallan intanet, sai kuma ƙungiyoyin da ke karɓar tsuntsayen da masu su suka kasa riƙewa, kuma doka ba ta sa musu ido iri ɗaya ba.

Tushen komai shi ne dokar jin daɗin dabbobi ta 2006, wadda take aiki a Ingila da Wales. Ta ɗora wa duk wanda dabba take hannunsa, ko mai sayarwa ne ko mai saye, nauyin biyan buƙatu biyar: wurin zama da ya dace, abincin da ya dace, damar yin abin da dabbar take yi bisa ɗabi'arta, zama tare da 'yan uwanta ko ware ta gwargwadon yadda jinsinta yake so, da kare ta daga ciwo da rauni da cuta. Dokar ta kuma haramta sayar wa yaron da bai kai shekara 16 ba kowace irin dabba. Waɗannan buƙatu biyar su ne ma'aunin da ya kamata mai saye ya riƙe a duk inda ya shiga.

Baje koli shi ne wurin da ya fi jan ido, kuma shi ne wanda matsayinsa a doka ya fi sarƙaƙiya. Dokar dabbobin gida ta 1951, bayan gyaran da aka yi mata a 1983, ta hana kasuwancin sayar da dabbobin gida a kan titi, ko a wurin jama'a, ko a rumfar kasuwa. An daɗe ana jayayya a kan ko babban ɗakin taro da aka cika da teburan masu sayar da tsuntsaye na yini guda shi ma kasuwa ne, har maganar wani baje koli da ake yi a Stafford ta kai babbar kotu a 2006, inda aka fassara kalmar kasuwa da faɗi ta yadda ta shafi irin waɗannan tarurruka. Abin da ya biyo baya shi ne bambanci tsakanin ɗan kasuwa mai neman riba, wanda hanin ya hau kansa, da mai kiwo don sha'awa da ya zo rabuwa da rarar 'ya'yan tsuntsayensa. A aikace wannan iyaka ba kullum take fitowa fili ba, domin mutum yana iya kiran kansa mai sha'awa alhali teburinsa cike yake da tsuntsaye iri-iri da ya saro daga wurare daban-daban. Idan ka ga tebur ɗaya ɗauke da jinsuna masu yawa, kuma mai shi ba ya iya faɗin ranar da aka ƙyanƙyashe ko ɗaya daga cikinsu, to akwai dalilin ja da baya.

Ƙananan kejin da ake gani a baje koli sukan tayar wa sabon zuwa hankali, kuma ya kamata a san hukuncinsu. Dokar namun daji da karkara ta 1981 ta wajabta keji ya kasance da girman da tsuntsu zai iya miƙe fukafukansa a sake, amma ta yi rangwame ga tsuntsun da ake nunawa a gasa ko baje koli, muddin jimillar lokacin bai wuce awa 72 ba. Saboda haka kejin gasa halal ne a wurin gasa, amma laifi ne a mayar da shi mazaunin tsuntsu a gida, kuma bai dace mai saye ya ɗauki girmansa a matsayin abin koyi ba. Babbar damuwata da saye a baje koli ita ce cuta. Ɗaruruwan tsuntsaye daga gidaje daban-daban suna shaƙar iska ɗaya, bayan doguwar tafiya da hayaniya sun riga sun raunana su. Shi ya sa ake buƙatar masu shirya taron su sanar da hukumar lafiyar dabbobi da tsirrai, wato APHA, aƙalla kwana 7 kafin ranar, kuma gwamnati takan dakatar da tarukan wasu nau'o'in tsuntsaye idan murar tsuntsaye ta yi ƙamari. Ban da wannan, akwai cutar da ke lalata baki da gashin aku, wadda tsuntsu kan ɗauka ba tare da alama ta bayyana nan take ba, da kuma zazzabin aku, wanda ke kama mutane har ya taɓa huhu. A ganina amfanin baje koli shi ne a ga tsuntsaye masu kyau, a saurari ƙwararru, a karɓi lambar mai kiwon da aka yaba da aikinsa, sannan a bar sayen sai an ziyarce shi.

Gidan mai kiwo shi ne zaɓin da na fi amincewa da shi, saboda a nan ne kaɗai mai saye yake ganin iyayen tsuntsun, da tsabtar ruwan sha, da abincin da aka saba masa, da yawan tsuntsayen da aka zuba a keji ɗaya. Sai dai ƙaramin mai kiwo da ba kasuwanci yake yi ba yawanci ba ya buƙatar lasisi, ma'ana babu wani jami'i da ya taɓa duba wurin, don haka binciken ya rataya a wuyan mai saye. A duba zoben ƙafa marar tsaga, wanda ake zura wa tsuntsu yana ɗan kwanaki kaɗan kuma ba ya shiga ƙafar babba, domin shi ne shaidar cewa a keji aka ƙyanƙyashe shi. A kuma ƙi karɓar ɗan akun da bai fara cin abinci da kansa ba, ko da an ce zai fi shaƙuwa da wanda ya ciyar da shi da hannu, saboda kuskure kaɗan a zafin abincin ko a yadda ake ɗura shi yana iya ƙona masa maƙoshi ko ya shaƙe shi. Mai kiwo nagari yakan yi wa mai saye tambayoyi da yawa, kuma yakan yarda a dawo masa da tsuntsu idan riƙo ya gagara.

Shago yana da fifiko guda da sauran ba su cika samu ba, wato sa idon hukuma. Tun daga 1 ga Oktoba 2018 duk mai kasuwancin sayar da dabbobin gida a Ingila sai ya sami lasisi daga ƙaramar hukumarsa, wadda take bincikar wurin ta ba shi tauraro daga 1 zuwa 5, kuma wajibi ne ya kafe lasisin inda za a gani. Rauninsa shi ne sau da yawa shagon ba shi ya yi kiwon ba, don haka tarihin tsuntsun yakan tsaya a takardar saro. Ga kanari ko ƙananan tsuntsaye masu sauƙin riƙo, shago mai tauraro 4 ko 5 zaɓi ne mai kyau. Ga babban aku mai iya rayuwa shekara 40 ko fiye, wanda halinsa ya dogara da yadda aka raine shi, sanin asali ya fi ƙarfin abin da yawancin shaguna za su iya bayarwa.

Tallan intanet shi ne mafi haɗari. Ɗan kasuwa mai lasisi dole ne ya rubuta lambar lasisinsa a tallan, kuma ana iya tabbatar da ita a wurin ƙaramar hukuma. Duk wanda ya nemi kuɗin kafin alƙalami tun ba a ga tsuntsu ba, ko ya ce a haɗu a wurin ajiye motoci, ya hana mai saye ganin abin da ya fi muhimmanci. A nan ne kuma maganar takardu take da nauyi. Aku mai launin toka da jar wutsiya ya koma rukuni na farko, wato mafi tsananin kariya, na yarjejeniyar CITES mai tsara cinikin namun daji tsakanin ƙasashe, bayan taron Johannesburg na 2016, saboda yadda kamu daga dazuzzukan Afirka ya rage yawansa, kuma sayar da shi a Birtaniya yana buƙatar takardar izini da ake kira ta sashe na 10, mai ɗauke da lambar zobe ko ta ƙwayar na'urar da aka dasa a jikinsa. Saye ba tare da ita ba laifi ne a kan mai saye kamar yadda yake a kan mai sayarwa, don haka a gwada lambar takardar da ta tsuntsun kafin a biya.

Ƙungiyoyin ceto sun cancanci a fara tambayarsu, musamman ga mai neman babban aku, ko da yake wasu tsuntsayen suna zuwa da ɗabi'ar fige gashinsu ko yawan ihu, abin da ke buƙatar haƙuri da gogewa.

Ko ta wace hanya tsuntsun ya zo, a killace shi a ɗaki dabam na kimanin wata guda idan akwai wasu tsuntsaye a gidan, a kuma kai shi wurin likitan dabbobi da ya ƙware a kan tsuntsaye cikin kwanakin farko. Tun daga 1 ga Oktoba 2024 wajibi ne mai ajiye tsuntsu, ko da guda ɗaya ne, ya yi rajista da APHA, in ban da aku da kanari da makamantansu da ke zaune cikin gida ba su fita sarari. Wanda ya yi niyyar gina babban keji a lambu, inda tsuntsayen za su riƙa shan iskar waje, sai ya yi rajistar.