Sansanin wuni a gona ko na kwana: amsa ga 'yar'uwarmu ta Bronx

'Yar'uwa, kin ce kina da yara biyu, mai shekara 7 da mai 11, ke da maigida duk kuna aiki, kuma kin rasa wanne za ki zaɓa a dogon hutun bazarar nan: sansanin gona da ake kai yaro da safe a ɗauko shi da yamma, ko wanda zai kwana mako guda can. Na gwada duka biyun da nawa yaran a nan Amurka, kuma a shekarar farko ni dai na wuni nake ba ki shawara, musamman saboda ƙaramin.

Aikin da yaro zai yi kusan ɗaya ne. Zai ba awaki da kaji abinci, ya tsince ƙwai, ya cire ciyawa, ya tono karas da hannunsa. Bambancin yana cikin abin da ke faruwa bayan an tashi daga gona. Na wuni yawanci ƙarfe 9 ake farawa a tashi 3 ko 4, wato sallah ɗaya ce ke riskar yaro a can, azahar, sai ki roƙi a ba shi minti goma da wuri mai tsabta. Abincin ranarsa kuwa ke za ki ƙunsa masa daga gida. A na kwana salloli biyar suna hannun yaron, ga asuba a watan Yuli tana shiga wajen ƙarfe 4, lokacin da kowa ke barci. Abinci sau uku a rana daga kicin ɗinsu yake. Ko sun ce miki za su ba shi na marasa cin nama, akwai abin da ba sa tunawa: alewar mashmalo da yara ke gasawa a bakin wuta da dare, galibinta da jelatin ɗin alade ake yin ta. Mai shekara 11 zai iya cewa a'a. Mai 7 ba zai ma san ya tambaya ba, kuma ba laifinsa ba ne.

Tun da an ambaci alade, ki tambaya kai tsaye ko suna kiwonsa, domin gonaki da yawa a nan suna yi. Ban taɓa samun wanda ya ƙi canza wa ɗana aiki zuwa wajen tumaki ba, amma sai da na faɗa tun ranar rajista.

Ta fuskar kuɗi, na kwana ya fi tsada, wannan kowa ya sani. Abin da 'yan'uwa da yawa ba su sani ba shi ne maganar haraji. Hukumar haraji ta Amurka, IRS, tana lissafa kuɗin sansanin wuni cikin kuɗin renon yara idan yaron bai kai 13 ba kuma iyayen na aiki, har dala 3,000 ga yaro ɗaya, dala 6,000 ga biyu ko fiye, a rage miki wani kaso daga harajinki ta fom mai lamba 2441. Kuɗin sansanin kwana ba ya shiga ko kaɗan. Ki karɓi rasit da lambar harajin gonar ki adana. Sai dai na wuni shi ma yana da nasa nauyin: kai da ɗauko kullum, ga gonakin a bayan gari suke, kuma idan ba ki tashi aiki sai 5, za ki biya ƙarin kuɗin jira. Ki tambaya ko suna da motar ɗaukar yara kafin ki sa hannu.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne kaska. Mu da muka tashi a gida mun san ta a jikin shanu da karnuka, ba mu ɗauke ta wani abu ba. Ta nan yankin arewa maso gabas ƙarama ce kamar ƙwayar riɗi, wata ma ba ta kai ba, kuma ita ke ɗauke da cutar Lyme. Yawanci sai ta yi sama da awa 24 a maƙale kafin ta sa cutar, shi ya sa yaron da ke dawowa gida kullum ya fi samun kariya: ki yi masa wanka, ki duba bayan kunne, cikin gashi, hammata, ƙugu da bayan gwiwa. A fata baƙa jan zoben da cutar ke fitarwa ba ya saurin bayyana, don haka zazzaɓi ko ciwon gaɓoɓi bayan sansani sai likita. A na kwana dole ki dogara da masu kula da su, waɗanda sau da yawa ɗaliban jami'a ne.

Wanke hannu kuma ya shafi duka biyun. Kashin dabba na ɗauke da ƙwayar cutar da ke sa gudawa mai jini, har ta kan taɓa ƙodar ƙananan yara. Idan kin je duba wurin, ki nemi famfo da sabulu a bakin garke, kada ki yarda da ruwan kashe ƙwayoyin cuta na shafawa a hannu kaɗai, kuma ki ce ba ki amince a ba shi madarar da ba a dafa ba. Ki nemi ganin izinin hukumar lafiya, wanda jihar New York ta wajabta wa sansanonin yara. Shaidar American Camp Association, ƙungiyar da ke tantance ingancin sansanoni, ƙari ce, ba dole ba.

Na kwana yana da abin da na wuni ba zai bayar ba: yaro ya gyara shimfiɗarsa, ya ji kewar gida ya daure. Babban naki zai iya gwada na 4-H baɗi, ƙungiyar koya wa yara noma da kiwo, wadda a New York jami'ar Cornell ke kula da ita. Bana dai ki haɗa su biyun a na wuni. Kafin ki biya, ki kai su Queens County Farm Museum, gonar da ake zuwa kallo a Queens, wata Asabar ki ga yadda ƙaramin zai yi idan akuya ta matso shi, sannan ki nemo katin rigakafinsu, domin ba za a karɓe su babu shi ba.