Keken gwanjo da na saya a Sabon Gari, bayan wata huɗu

Shekara goma sha ɗaya hanyata ɗaya ce: daga Gwale zuwa ofis a cikin adaidaita sahu, in dawo, in zauna majalisa bayan isha'i ana maimaita hirar jiya. Uwargida ce ta fara tsokanata, wai ko agogon bango ya fi ni sauyi, shi aƙalla batirinsa kan mutu. Ga kuɗin mota da ya addabe mu tun da aka cire tallafin mai a 2023. Sai na ce bari in gwada keke.

Wani ɗan shago ne a Sabon Gari, kekunan gwanjo jingine har bakin titi. Abin da ya burge ni da mai shagon, bai yi mini ciwon baki ba. Ya dubi tsayina, ya ture wanda na nuna saboda kyan fenti, ya jawo wani baƙi mai giya, ya ce, "Alhaji, hau ka zagayo, idan bai yi maka ba ka dawo da shi." Kafin in biya ya sa yaronsa ya sauya robar birki, ya ɗiga wa kaca mai, bai ƙara ko sisi ba.

Inda keken ya gaza shi ne sirdi. Kamar dutsen niƙa. Kwana uku ina zama a karkace a ofis. Fitila ma babu, kuma tayar baya ta kai ni wurin mai faci sau biyu a makon farko kafin na haƙura na sayi sabuwa. Wanda zai je, ya duba taya da kyau.

Amma ranar Asabar bayan asuba nakan bi titin Jami'ar Bayero (BUK), gefen ganuwa, daga Ƙofar Na'isa in wuce Gadon Ƙaya da Ƙofar Famfo har Kabuga, kafin hayaƙi ya tashi. A Kano aka haife ni, amma sai da keken nan na taɓa tsayawa na leƙa marinar Ƙofar Mata, na ga yadda ake tsoma yadi a baba. Ashe kullum wucewa kawai nake yi.

'Yan majalisa sun laƙaba mini "Ɗan tsere". Biyu daga cikinsu dai sun riga sun tambaye ni kwatancen shagon.