Injin Kwale-kwale Na Kakkarwa a Silo: Feshi Ko Kwance Kafireta?

Idan injin kwale-kwale yana kakkarwa a silo, wato yana kunne ba a ba shi wuta ba, yana ɗagawa yana sauka shi kaɗai, galibi mai ne ba ya isarsa. In dattin kafireta (mai haɗa fetur da iska) ne, hanya biyu ce.

Feshin wanki ba wuya, nan da nan ka gama, amma iyakarsa maƙogwaron kafireta. Kwancewa kuwa aiki ce: ka cire kwanon ƙasa, ka zaro ƙaramin jet na silo (ɗan bututun da mai ke bi), ka ɗaga shi ga haske. Raminsa kamar kafar allura, tsohon fetur kan zama danƙo ya toshe shi, feshi daga waje ba ya kai can. Ni dai kwancewar na fi yarda da ita, sai dai a busa da iska, kada a zura waya, faɗaɗa ramin take yi.